Yadda Na Kai Baƙuwa Riƙo Kalgo

Na san abin da kuke faɗa, ku 'ya'yana, in kun haɗu ba na wurin. Kuna cewa Inna ta yi wata guda cur a ɗakin da ya tsage, ruwa na sauka, saboda kyanwa. Ba ƙarya kuka yi ba. Amma babu wanda ya taɓa zama ya tambaye ni dalili, ni kuma ba a san ni da bayani ba. Ban yi boko ba. Wannan da kuke karantawa faɗa na yi aka rubuta, aka karanta mini, inda aka sa gishiri na ce a cire. Ku kyanwa kuke cewa. Mu a Gwandu mussa muka tashi muka ji, haka kuma zan kira ta. Sau ɗaya zan faɗa.

Ta zo mini ne daminar da na fita takabar babanku. Duk kun watse, kowa na gidansa ko wurin nemansa, gida ya rage daga ni sai turmi. Sana'ata kun san ta: in soya gyaɗa, in kai niƙa, in matse mai, in murza ƙuli-ƙuli. Da ita na ciyar da ku, da ita kuma na ce zan ciyar da kaina, ba zan miƙa wa kowa hannu ba. To a shekarar nan ɓeraye suka sa ni gaba. Buhun da na ɗinke yau, gobe in tarar da shi da baki uku. Na sa tarko, suka gane tarko. Na sa magani, ya kashe mini kaza. Wata rana da hantsi bayan an ɗauke ruwa, ina shara, sai ga wata aba ta fito ta rariya, jiƙe sharkaf, launin toka, kunne ɗaya a yage, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta dube ni, na dube ta. Na zuba mata ragowar nono a sakaina. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce na yi ɗiya ke nan. Na ce a'a, baƙuwa ce, in ta bushe za ta wuce. Ta bushe, ba ta wuce ba. Shekara bakwai muka yi tare, sunan kuma ya bi ta: Baƙuwa.

Na ga mussa da yawa, ban ga irinta ba. Ba ta taɓa buɗe mini tukunya ba. Sai in bar nama a faranti in tafi ɗebo ruwa, in dawo in tarar da ita zaune kusa da shi, ta ba shi baya, kamar an ba ta gadi. Ba ta roƙo. Ba ta goga jiki a ƙafar mutum don a sammata. In an ba ta ta ci, in ba a ba ta ba ta je ta nemi nata. In ta kama ɓera ba ta taɓa shi sai ta kawo bakin ƙofa ta ajiye na gani. Kafin kaka ta zagayo, buhunan gyaɗata sun daina yin baki. Akwai ranar da ba na mantawa. Da azahar ce, na sunkuya zan kwashi ɓawon gyaɗa in zuba a murhu, sai ta diro tsakanina da tarin, gashinta a tsaye, tana huci. Na ce ta matsa, ta ƙi. Na ɗaga muciya, ta ƙi. Sai ɓawon ya motsa, kububuwa ta fito. Baƙuwa ta tare ta, ta nan ta can, ba ta bar ta ta koma ba, ba ta bar ta ta iso ni ba, har na ɗauko taɓarya. Da aka gama ta koma inuwa tana lasar hannu, ko kallona ba ta yi ba. Hannun da nake cin tuwo da shi yau, da ikon Allah ita ta bar mini shi. Ban faɗa muku ba a lokacin, don da kun ji, da tun sannan kun ce in bar gidan.

Shekarar da ake magana a kai, ruwa ya yi yawa. Bangon ɗakina na gabas ya sha, ya tsage daga sama har ƙasa, har ina hango kajin maƙwabta ta tsagar. Kai Bello, autana, kai ka zo daga Sakkwato. Ka zagaya ɗakin sau biyu, ka sa hannu cikin tsagar ya shige har wuyan hannu.

"Inna, haɗa kaya. Yau ɗin nan."

"To. Ni da Baƙuwa."

Ka sosa ƙeya. "Inna, kin san Nana da asma. Likita ya ce ko gashin mussa kada ya kusance ta."

Ban yi musu ba. Na taɓa ganin ɗiyar taka numfashi ya sarƙe ta, ƙirjinta na ɗagawa kamar na ɗan tsako. Ran jikata ya fi mussa, ba sai an gaya mini ba.

"A bar ta nan," ka ce. "Mussa gida take bi, ba mutum ba."

"Wane gida? Wanga da zai faɗi?"

"To a ba maƙwabta."

"Kafin ka kai tasha ta dawo ta kwanta gindin bangon nan."

"To in sa ta buhu in sake ta a daji, hanyar Dodoru. Allah na ciyar da na daji."

Ka tuna na tashi na shiga ɗaki. Ka ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Sunan garin da ka ambata ne.

Wannan ba ku san shi ba, don ban taɓa faɗa ba. Ina ƙarama, ko famfara ban yi ba, uwata ta rasu. Ranar addu'ar bakwai manya suka zauna a zaure suka raba mu kamar ana rabon daddawa. Wata 'yar uwar babana daga Dodoru ita ta fara cewa a ba ta ni riƙo, aka ba ta. Babu wanda ya je ya ga gidan. Ta riga kowa buɗe baki, shi ke nan. Ba zan zage ta ba, ta daɗe a ƙasa, Allah ya gafarta mata. Amma a can ni ke daka, ni ke ɗebo ruwa, ni ke ci a ƙarshe, ƙanzo ne rabona. In za ta fita unguwa sai ta kulle ɗakin da randa take. Wata rana da bazara ƙishi ya kama ni har harshena ya manne. Na tafi wurin kaskon da ake zuba wa kaji ruwa, na ce ko na kaji ne in sha. Na tarar da shi a bushe, ƙura a ciki, kajin tsaye baki buɗe kamar ni. Na tsallaka katanga zuwa gidan wata tsohuwa. Nata kaskon cike yake, a inuwa. Na durƙusa zan kafa baki, ta fito ta ɗaga ni, ta ba ni a moɗa, ta ƙara mini da ɗumame. Tun ranar na iya wani karatu da ba a koyarwa a makaranta. In kana son sanin gida, kada ka dubi zaure, kada ka dubi tabarmar da aka shimfiɗa maka. Zagaya ka dubi kaskon kaji. Kaza ba ta kai ƙara, ba ta kuma godiya. Wanda ya tuna da ita zai tuna da ɗan wani.

Shi ya sa na ce maka ka koma, Bello, in na samar mata wuri zan kira ka. Ka yi faɗa, ka yi lallashi, ka sa yayyenka suka yi ta kira a waya. A ƙarshe ka sa aka tokare bangon da azara biyu, ka tafi ranka a ɓace.

Wanda ya fara zuwa wani Alhaji ne mai siton hatsi a kasuwa. Labarin Baƙuwa ya kai masa, ya zo da kansa har ƙofar gida, hannu cikin aljihu.

"Inna Kulu, faɗi abin da za a ba ki."

"Ba a sai da mussa, Alhaji. Kai ma ka sani."

"To kyauta ke nan, mun gode. Yau sito zai huta."

"Mi za ta riƙa ci?"

Ya yi dariya. "Ɓera mana! A kulle ta ciki, kada a ba ta komai. Mussa in ta ƙoshi ba ta aiki."

"Ruwa fa?"

"Ai ɓera da ruwa jikinsa."

"Kai ne sahun gaba a masallaci. Ba ka ji malamai na faɗin matar da ta shiga wuta don ta kulle mussa ba?"

"Haba Inna, dabba ce fa."

"Awo. Waccan ma dabba ta kulle. Sauka lafiya."

Bayan shi, ɗiyar ƙanena da ke aure a Masama ta aiko cewa tana so. Na bar Baƙuwa a gida, na hau bayan ɗan kabu-kabu na je. Yarinyar ta yi mini duk abin da ake yi wa goggo. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura, ta ce mussa za ta sha nono har ta gaji. Na ce zan kewaya. Na zagaya bayan ɗakin girki. Kaskon na nan a tsakiyar rana, kife a kan bakinsa, wata kaza mai 'ya'ya na tsaye gefensa tana haki. Na tayar da shi, na zuba ruwan butata a ciki, na dawo na sha fura, na sa mata albarka, na ce zan yi shawara. Ba muguwa ba ce. Mantuwa gare ta. Amma wanda aka manta da shi da wanda aka ƙi, ƙishinsu ɗaya. Haka na ga gida huɗu ko biyar, ba sai na lissafa ba. Tsagar kuma kullum ƙaruwa take. Na janye gadona zuwa bangon yamma, in hadari ya haɗu in fito rumfar suya in zauna, Baƙuwa a gefena, muna kallon ɗakin. Kai kuma Bello kullum sai ka kira: "Inna, in bangon nan ya faɗa miki, mi zan ce wa mutane?" In ce maka ka ce musu taurin kai gare ni, sun riga sun sani.

Gida ɗaya na sani da ba sai na je dubawa ba, shi ne kuma gidan da na ɗaure a zuciyata ba zan sake takawa ba. Gidan goggonku Hajo, ƙanwar babanku, mai bandar kifi a Kalgo. Kun tashi kun ga ba ma shiri, kuka ɗauka halina ne kawai. Ga abin da ya faru. Ranar bikin babbar yayarku ina tsaye kan tukwane ina rabon tuwo, gida cike da mata, Hajo ta zo ta kama marar da ke hannuna, ta ce da ƙarfi:

"Kawo nan, matar yaya. 'Yar riƙo mi ta sani ga rabon tuwo? Ƙanzo ta saba."

Mata suka kwashe da dariya. Tsakanin mace da ƙanwar mijinta akwai wasa, kowa ya ɗauke shi wasa. Wataƙila ita ma wasa ta nufa. Ni ban yi dariya ba. Na sakar mata marar na shiga ɗaki. Daga ranar, shekara goma sha bakwai, tsakanina da ita sai gaisuwa in mutuwa ta haɗa mu. Ko da babanku ya rasu ta zo ta yi kwana bakwai a gidana, ta yi daka, ta yi wanke-wanke, ban ba ta fuska ba. Amma ido ba ya gaba. A shekarun da muke shiri na sha zuwa gidanta, na kuma ga kaskonta. Uku ne, a gindin mangwaro. Kullum sai ta wanke su kafin ta sha koko. A cikin kowanne tana sa wani ɗan faffaɗan dutse, don in ɗan tsako ya faɗa ya sami wurin taka ƙafa ya fito. Ban taɓa ganin wanda ya yi wannan tunani ba, kafinta ko bayanta.

Kwana uku ina juya abin. Na huɗu da safe wani gutsuren bango ya ɓallo ya faɗa kan akwatina. Na dubi Baƙuwa, ta dube ni. Na ce to, girman kai ba ya tokare bango.

Maƙwabta suka ce in sa ta a buhu in ɗaure baki don kada ta ga hanya. Na ƙi. Ni an taɓa ɗora ni bayan jaki kamar kaya, ba wanda ya gaya mini inda za ni. Na ɗauko kwando, na shimfiɗa tsohon zanena na suya mai warin man gyaɗa, na sa ta, na rufe da faifai. Kafin in ɗaure na sunkuya na ce mata:

"Kalgo za mu. Riƙo zan kai ki. Ba laifi kika yi ba."

A tasha direba ya ga na rungume kwando na ƙi a sa shi a baya.

"Inna, mi ke ciki haka? Amarya za a kai?"

"Awo. Tuƙa a hankali, ba ta son surutu."

Muka canza mota a Birnin Kebbi, kafin azahar muna Kalgo. Ban tambayi kowa hanya ba, hayaƙin banda ya kai ni. Na yi sallama, amma kafin a amsa idona ya riga ni zuwa gindin mangwaro. Suna nan, su uku, ruwa garau, kowanne da dutsensa. Hajo na sunkuye kan murhu tana juya tarwaɗa a raga. Ta tsufa, ta rame, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta fari fat. Ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To wa zai mutu? Don ban san wani abin da zai kawo Kulu gidana ba."

Na ajiye kwandon. Na gaya mata a taƙaice: bango, Bello, asmar Nana. Na kwance, na ɗaga faifan. Hajo ta leƙa, ta ja da baya, ta tafa hannu.

"Mussa? Gidan banda? Kulu, ashe shekara goma sha bakwai ramuwa kike dafawa, yau ta nuna! Muzurun ƙarshe da ya shigo nan, da rabin raga ya fita."

"Wagga ba ta sata."

"Duk uwa haka take cewa."

"Gwada ta."

Ta zaɓi tarwaɗar da ta fi girma, da zafinta, mai na naso, ta ɗora a kan faifan ta ajiye a ƙasa gaban kwandon. Ta jawo ni can gefe kan tabarma, ta ce kada in yi magana, kada in yi ko tari. Tun safe Baƙuwa ba ta ci komai ba, ba ta kuma taɓa ganin kifi irin wannan ba. A gidana sai dai kan busasshe in Allah ya hore. Na yi cika baki a kan abin da ban taɓa gwadawa ba. In ta kai baki, ba ni da sauran gida. Ta fito, ta yi miƙa, ta dubi tsakar gidan. Ta zo wurin kifin ta shinshina sau ɗaya. Sai ta kewaye shi, ta bi ta tsakiyar kaji har gindin mangwaro, ta sha ruwa a kasko, ko 'yan tsaki ba ta kalla ba. Ta dawo ta zauna kusa da faifan, ta ba shi baya. Wata kaza ta lallaɓo za ta kai sara, Baƙuwa ta ɗaga hannu ɗaya, kazar ta canza shawara.

Hajo ta juyo ta dube ni.

"Wagga ta fi mutane da yawa da na sani," ta ce. "Ko da ta ci ma, da zan karɓe ta. Kifi ne, gobe ma gulbi na nan. So nake in ga irin renon da kika yi mata. To sai da mini za ki yi, ko kyauta?"

"Ba ko ɗaya."

"To mi?"

Kalma ɗaya ce amsar. Ita ce aka jefe ni da ita a gaban mata, ga shi yau ni na ɗauko ta na kawo har gida.

"Riƙo," na ce.

Ta tashi ta je murhu ta juya kifin da ba ya bukatar juyi. Ta shiga ɗaki ta fito da tuwon shinkafa da miyar kifi a kwano ɗaya, da ruwan wanke hannu. Ta ɗauki tarwaɗar nan ta ɓare tsakiya, ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta zuba tsokar a sakaina mai tsabta, ta ajiye gaban Baƙuwa.

"Gidan ga, 'yar riƙo ka fara ci."

Baƙuwa ta dube ni. Na ce ci, ta ci. Sai Hajo ta turo kwanon tuwon har ya taɓa gwiwata, ta naɗe hannuwanta a cinya.

"Sa hannu, matar yaya."

"Ke ce mai gida. Fara."

"Kunnenki ya mutu ne? Na ce gidan ga 'yar riƙo ka fara ci."

Na ɗaga kai na dube ta. Babu dariya a fuskarta. Idonta ya yi ja, amma mai banda kullum idonta ja yake. Na wanke hannu na yanko loma daga sama, inda ya fi laushi. Ba ta ce in yafe mata ba, ban ce na yafe ba. Muka cinye tuwon tas.

Riƙo yana da ƙa'ida. Wanda ya kai ba ya kwana, ba ya waiwaye, ba ya kuma dawowa da wuri, don kada zuciyar ɗan ta rabu biyu. Hajo ta ce za ta ajiye ta a ɗakinta kwana bakwai, da abinci da ruwa, har ta san muryarta. Na bar mata zanen suyar. Da la'asar na ɗauki kwandona ba komai a ciki. Baƙuwa na zaune kan zanen a bakin ƙofa, ta bi ni da ido, ba ta yi kuka ba, ba ta biyo ni ba. Ban waiwaya ba. Hayaƙin banda ne ya shiga idona, har Birnin Kebbi yana fita.

Washegari na kira ka, Bello, ka zo ka kwashe ni. Kwana shida da tashina bangon ya faɗi da rana tsaka, ya danne har inda na mayar da gadon. A wannan kai ke da gaskiya, ban ce dabara na yi ba. Na sa raina a hatsari, na sa ku cikin fargaba, na sani. Abin da na biya kuma ba ku gani ba. Na yi watanni in na ɗebo loma sai in gutsura in miƙa hannu ƙasa, babu mai karɓa. Amma da na sa ta a buhu na sake ta a hanyar Dodoru, da ni ce manyan nan na zaure, ni ce kuma matar da ke kulle randa. Gara bango.

Sai bayan babbar Sallah na koma Kalgo. Na tarar da ita kwance kan wani turmi da aka kife, ragar kifi uku a gabanta, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi. Hajo ta ce tun zuwanta ɓera bai ƙara cin kan kifi ko ɗaya ba, har matan unguwa na zuwa kallo. Ta sauko ta shinshina hannuna, ta zauna kan ƙafata ɗan lokaci, sannan ta koma bakin aikinta. Na ji daɗin haka. Ɗan riƙon da ya maƙale wa baƙo, akwai abin da ya rasa a gidan.

"Sunan nan naki na canza shi," Hajo ta ce. "Ba baƙuwa gidan ga."

"Mi kika sa mata?"

"Kulu. Ba ta magana, ba ta roƙo, ba ta mantuwa. Wa ya fi ta dacewa?"

Na ce Allah ya shirye ta. Ta ce ya fara da ni, ni ce babba. Tun daga nan duk Juma'a sai ta kira ni a waya ta zage ni, in rama. In ta riga ni tafiya ku je ku yi mata abin da za ku yi mini. In na riga ta, kada ku yanke ƙafa da Kalgo.

Saura abu ɗaya, kai Bello, da kai da matarka Safiya. Ranar da ka iso da ni Sakkwato, ka tuna na ce a bar kayana a mota, zan kewaya. Ka ɗauka hanya ce ta matse ni. Ni ma riƙo aka kawo ni, na san haka, tsohuwa da mussa duk ɗaya ne in gida ya faɗi. Na zagaya bayan ɗakin girki. Kajin Safiya biyar ne. Kaskonsu na roba ne, ba irin namu ba, amma yana inuwa, an wanke shi, cike yake har baki.

Shi ya sa na dawo na ce a sauke kaya.